Kwamfutar da Arvo Lahti Ya Haɗa wa Matarsa

Mijin yayata, Arvo Lahti, mutum ne mai fushi. Duk unguwarmu a garin Duluth an san shi da haka, tun daga garejin motocin ɗaukar 'yan makaranta inda ya ƙarar da ƙarfinsa yana kanikanci, har cocinmu, inda ya taɓa miƙewa ana tsakiyar taro ya ce wanda ya sayo injin ɗumama ɗakin nan bai iya komai ba sai sa hannu a takarda. Fasto ne ya sayo injin. Arvo ba ya dukan kowa, ba ya shan giya ya yi tambele a titi. Fushinsa da kaya ne da masu ƙera su. Ka miƙa masa abin da aka manne da gam maimakon a ɗaure shi da noti, nan take za ka ga jijiyar wuyansa ta tashi.

"An yi shi ne don ya mutu a hannunka, ka koma ka sayo wani," haka yake cewa. "Ɓarayin zaune!"

Yayata Marlys a ofishin garejin take aiki, ita ke riƙe da oba-oba tana magana da direbobi. Murya gare ta mai kauri kaɗan, mai kwantar da hankali. Dusar ƙanƙara za ta rufe hanya, mota cike da yara ta maƙale a kan tudu, direba yana ihu, ita kuwa ta ce masa ya kashe injin ya ƙirga yaran, taimako na tafe, kamar tana tambayarsa ko ya karya kumallo. A nan Arvo ya gan ta ya aura. Ni Doreen, ƙanwarta, tun ranar bikin na sa masa suna Tukunyar Tafasa, shi kuma yana ce mini Rediyon Unguwa. Har muka tsufa ba mu fasa ba.

Ba su daɗe da yin ritaya ba likita ya gano ciwon daji a maƙogwaron Yaya. Aka ce sai an cire wurin da murya ke fita gaba ɗaya. Kafin ranar aikin, wata ma'aikaciyar asibiti ta ba ta shawarar ta adana muryarta. Akwai wani ƙaramin kamfani da ke yin wannan: ka karanta musu jimloli masu yawa, su haɗa, su ba ka manhaja wadda duk abin da ka rubuta za ta faɗe shi da muryarka. Yaya ta shige ɗakin ɗinkinta da kwamfutarta ta tafi-da-gidanka, ta yi ta karatu har maƙogwaron ya ƙi. Aka yi aiki, ta warke, ta dawo gida da ɗan ƙyalle a wuya. Ranar da ta fara rubutu kwamfutar ta ce, "Arvo, cire takalminka, ka ɓata mini ƙasa," da muryar nan tata sak, sai ya juya ya fita waje ya daɗe bai dawo ba.

Sun yi shekaru a haka. Kwamfutar tana kan teburin kicin, kusa da butar kofi. Da ita Yaya ke gulma da ni, da ita take amsa wayar jikokinta, da ita take faɗa da mijinta.

Wata safiya cikin kaka kwamfutar ta ƙi tashi.

Muryar ba ta ɓace ba, don Arvo mutum ne mai ajiyar kwafin komai. Ya ɗauki gawar kwamfutar muka tafi Minneapolis, shagon kamfanin da ya ƙera ta, ni na raka shi don kada ya yi abin kunya. Wani mutum mai fara'a ya karɓe mu, ya jujjuya ta, ya shiga ciki ya fito.

"Yallaɓai, fanel ɗinta ne ya ƙone, wato babban allon da ke cikinta, kuma mun daina yin irinsa. Amma muna da sababbi masu kyau ƙwarai."

"Sabuwar za ta ɗauki manhajar muryar matata?"

Mutumin ya duba, ya girgiza kai. Manhajar muryar ba ta aiki sai a kan tsohuwar babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da komai a cikin kwamfuta. Sababbin kwamfutocinsu kuwa ba sa karɓar tsohuwar. Ya ce mu tuntuɓi masu manhajar muryar su sabunta ta.

"Sun rufe," in ji Arvo. "Na kira, ba kowa."

"Ayya. To gaskiya ba abin da za mu iya yi. Amma sababbin suna zuwa da muryoyi masu daɗi, ka zaɓi wadda kake so."

"Matar da nake so na zaɓa tun kafin a haife ka!" Arvo ya daka masa tsawa, duk shagon aka juyo. "Sayar mini da tsohuwar manhajar in sa ta a wata kwamfutar!"

"Ba a sa manhajarmu a kwamfutar da ba tamu ba, Yallaɓai."

Na ja hannun rigarsa muka fita. Ni kaina raina ya ɓaci, kuma har yau a ɓace yake. Mutumin bai yi mana rashin kunya ba, murmushi yake yi tun daga farko har ƙarshe. Murmushin ne ma ya fi ƙona mini rai.

Arvo ya sayo irin tsohuwar, ta hannu, a wurin wani a garin Superior. Ba ta yi wata ba ita ma ta mutu da ciwo iri ɗaya. Ya ɗauki sukundireba zai buɗe ta ya ga ko me ke ƙonewa, ya tarar komai a manne, batir a liƙe, ba abin da za ka zare ka sauya. A ranar ya rantse ba zai ƙara ajiye muryar matarsa a cikin abin da ba ya iya buɗewa ba.

Kafin nan asibiti sun ara wa Yaya wani ɗan allon hannu mai magana. Muryar da ke ciki ta wata budurwa ce mai rawar kai, irin wadda ke ce maka ka danna ɗaya in ka kira banki. Arvo ya tsane ta tun jin farko, ya sa mata suna Matar Banki. Da Yaya ta rubuta wani abu Matar Banki ta fara faɗa, sai ka ga ya ɗaure fuska, ya tuna yana da aiki a wani wuri.

A intanet ya gano akwai mutanen da ke haɗa kwamfuta da hannunsu su tilasta wa babbar manhajar kamfanin nan ta zauna a kai. Suna da dandalinsu, da dogayen bayanai, da wata 'yar manhaja da ake sa wa a filashi wadda aikinta kawai ta yi wa babbar ƙarya, ta ce mata a gidan ubanta take. Abin ya yi wa Arvo daɗi ƙwarai. Ya share bencinsa na ɗakin ƙasa, ya ture gwangwanayen noti gefe, kwalaye suka fara isowa: akwati, fanel, wato faffaɗan allon da ake dasa duk kayan cikin kwamfuta a kansa, fanka, katin hoto, da tarin wayoyi.

Haɗawar ba ta ba shi wuya ba, mutumin da ya saba kwance injin bas. Ya kira mu muka sauko kallo, ni da Yaya. Ya danna, fanka ta juya, fararen rubutu suka yi ta gudu a kan baƙin gilashi, sai suka tsaya cak. Muka jira. Ba abin da ya ƙara motsi.

"To, Tukunyar Tafasa," na ce, "sai mu tafa ko da saura?"

"Ke Doreen, hau sama ki nemi wanda za ki dama."

Daga nan gidan ya zama gidan zagi. Ina zuwa kullum da hantsi in zauna da Yaya, muna shan kofi da burodin kirfa, daga ƙarƙashin ƙafafunmu muna jiyo shi yana tsine wa na'ura, da Turanci, in abin ya kai maƙura ya koma Finlanci irin na kakarsa. Rubutun ya tsaya a wani layi, ya gyara, ya wuce ya tsaya a na gaba. Da ya samu ya wuce rubutun gaba ɗaya, sai gilashin ya yi baƙi ƙirin, fanka na juyawa, kwamfuta a kunne, amma ba ka ganin komai.

Ya shiga dandalin ya rubuta tambaya. Bai faɗi irin kayan da ya saya ba, bai turo hoton inda rubutun ya tsaya ba, kawai ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa abinsu ba ya aiki. Wani ya amsa masa, "Kawu, ka karanta bayani tukuna." Wani ya ce, "Nan ba shagon gyara ba ne, ba ka biya kowa ba." Arvo ya mayar musu da abin da ba zan maimaita ba. Masu kula da dandalin suka rufe masa baki na ɗan lokaci.

"Sun kore ni!" ya hauro yana huci. "Wasu da ba su taɓa riƙe sifana ba!"

"Da ni ce da tun ranar farko na kore ka," na ce.

Mutum ɗaya ce ta bi shi ta bayan fage ta aiko masa da saƙo, wata mata mai suna Pakou Vang, mai ɗaukar bidiyon biki a St. Paul, wadda da kwamfuta irin wannan take aikinta shekara da shekaru. Ta ce ya lissafo mata duk abin da ke cikin akwatin. Da ta gani ta ce masa katin hotonsa ne matsalar. Ya je ya sayo sabo fil, mafi ƙarfi a shagon, alhali tsohuwar manhajar ba ta san da zamansa ba. Kowane abu da ke cikin kwamfuta yana buƙatar ɗan tafinta tsakaninsa da babbar manhaja, kamfanin kuwa bai rubuta tafinta ba sai ga kayan da shi ya taɓa amfani da su. Ba wayo ko zagin da zai sa katin nan ya yi aiki. Ya nemo tsoho.

"Wato in cire mai kyau in sa na bola," in ji Arvo.

Ya yi kwanaki yana gardama da ita kafin ya yarda. Da ya sa tsohon katin, gilashi ya haska, babbar manhajar ta buɗe tsaf kamar a kwamfutar kamfani. Bai ce wa Pakou ta yi gaskiya ba, ya dai daina musu a kan katin.

Sauran matsaloli suka biyo baya. Intanet marar waya ya ƙi, ya ja waya tun daga falo. Rabin ramukan filashi ba sa aiki, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa yana gaya wa manhajar inda kowanne yake. In kwamfutar ta yi barci ba ta farkawa sai an zare wuta. Duk ya bi ya shawo kansu ko ya kewaye su. Ya sa manhajar muryar, ta buɗe, ga sunan Yaya a sama, ga wurin rubutu. Ya rubuta, ya danna. Alamar magana tana motsi, lasifika shiru.

Ɗan guntun da ke fitar da sauti a fanel ɗin shi ma manhajar ba ta san shi ba. Mutanen dandalin sun rubuta masa tafinta da kansu, amma sai ka ba shi wata lamba da ta dace da yadda aka ja wayoyin fanel ɗinka, lambobin kuwa suna da yawa. Ka sa ɗaya, ka kashe, ka kunna, ka saurara. In shiru, ka sa ta gaba. Wata lambar ta ba shi ƙara kamar ana soya kifi. Wata ta sa sauti ya fito ta ramin gaba na ɗan lokaci ya ɗauke. Wata ta mayar da shi baƙin gilashi, sai da ya sake komai daga farko.

Sanyi ya shigo sosai, tafkin garinmu ya fara daskarewa, Arvo yana ƙasa. Ya daina zuwa kamun kifi, ya daina hura ɗakin surace, wato ɗakinsa na wankan tururi da ke bayan gida, ran Asabar, abin da bai taɓa fasawa ba. Abinci ma a tsaye yake ci. Yaya ta rame. Da farko takan rubuta masa magana a allon asibiti, ya amsa da "uhm" yana kallon bango, ya sauka. Daga baya ta daina. In yana kicin sai ta kife allon a kan tebur.

Na same shi a ƙasa wata rana na ce, "Kai Arvo, matarka tana sama ita kaɗai."

"Don wa nake wannan wahalar? Don ke?"

"Ka hau ka zauna da ita ko na rabin awa ne. Ta yi maka magana ka amsa."

"Ba ita ke magana ba. Waccan abar ce."

"Ita ke rubutawa, sakarai!"

"Rediyon Unguwa, rufe mini ƙofa in kin fita, iska na shigowa."

Ana cikin haka Pakou ta samu aikin biki a nan Duluth, ta ce za ta biyo ta ga kwamfutar da idonta. Ta iso wata Lahadi bayan an taso daga coci, mace gajera mai furfura a gaban goshi, da jakar kyamara a kafaɗa da kwanon naɗaɗɗen soyayyen abinci irin nasu da ta kawo wa Yaya. Muka sauka gaba ɗayanmu. Ta duba cikin akwatin ta yaba yadda ya jera wayoyi, ta ce ba ta taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba. Arvo ya fara yi mata bayanin lambobin da ya gwada. Ta katse shi.

"Tsaya, Malam Arvo. Ina ɗan abin da na ce ka saya?"

Ya kau da kai yana kallon akwatin.

"Ba ka saya ba?"

"Faci ne," ya ce. "Ni ba na aikin faci."

Pakou ta zuge jakarta ta ciro wani ɗan abu kamar babban yatsa, ta soka shi a ramin filashi, ta zare wayar lasifika daga bayan akwatin ta soka a jikinsa. Ta ce wannan shi ma katin sauti ne, na waje, kuma irinsa manhajar ta san shi tun asali, ba ya buƙatar tafinta ko lamba. Ta jawo wa Yaya kujera.

Yaya ta zauna, ta gyara ƙyallen wuyanta, ta rubuta. Lasifika ta ce, "Ana ji na?"

Muryarta ce. Arvo ya cire tabarau yana goge shi da gefen riga. Pakou tana dariya tana cewa ai ga shi nan. Yaya kaɗai ce ba ta yi murmushi ba. Ta juya ta dubi baƙuwar, ta sake rubutu.

"Yaushe kika gaya masa ya sayi wannan abin?"

Pakou ta dubi Arvo, ta dube ni, ta ga ba mai cetonta. "Tun ranar da ya ce mini sauti ya ƙi," ta ce a hankali. "Kafin ganye ya gama zuba."

Ban taɓa jin faɗa irin na ranar ba. Muryar da ke cikin kwamfutar ba ta iya ihu, don a natse Yaya ta karanta jimlolin da aka haɗa ta da su. Yatsunta suna dukan madannai kamar za ta fasa su, fuskarta ta yi ja, hawaye na zuba, maganar kuwa tana fitowa a sanyaye, kalma bayan kalma.

"Arvo Lahti. Tun kaka muryata tana nan a ƙarƙashin ƙafata, ka hana ni."

"Marlys, so nake in yi miki shi yadda ya kamata. Wannan ɗan abin zai iya zarewa, zai iya..."

"Yi mini shiru. Ban gama ba. Na daɗe ban yi magana ba, yau za ka tsaya."

Ta ci gaba da rubutu.

"Ni aka yanka. Ni na rasa murya. Kai ka ɗauki fushin duka ka sauko da shi nan, ba ka rage mini ko kaɗan ba. Ka tsani Matar Banki. Kana tsammani ni ina son ta? Ni nake jin ta tana fita a madadin bakina. Na ce maka hannuna na ciwo, ka fita. Na ce maka likita ya kira sakamako ya yi kyau, ka fita, ba ka ma ji ba. Doreen na gaya wa. Jikarka ta kira ranar haihuwarta na yi mata waƙa da muryar banki, ta yi kuka ta ce ba kakarta ba ce. Kana nan ƙasa kana gwada lamba."

"Don ke nake yi," ya ce.

"Da farko don ni ne. Daga baya kai da kamfanin nan ne kuke dambe, ni kuka shimfiɗa kuna takawa."

Arvo ya ɗauki gwangwanin noti ya maka shi da bango, notuna suka watse ko'ina, ya haye sama, muka ji ƙofar baya ta buga. Pakou ta tsuguna tana tsince notunan tana ba da haƙuri, ta ce da ta sani da ba ta zo ba. Yaya ta rubuta, "Da ba ki zo ba da har bazara ina jira. Zauna ki ci abinci."

Muka hau muka ci. Ta taga muna hango hayaƙi yana fita daga ɗakin surace, ya je ya hura shi ranar da ba ranarsa ba. Sai da Pakou ta kama hanya rana ta yi sanyi ya shigo, fuska jawur, gashi a jiƙe. Ya sauka, muka ji yana jan abu. Wani tsohon teburin kayan aiki mai taya ya wanke, ya kinkimo shi da kwamfutar ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora ta a kai ya kafa a kicin kusa da kujerar Yaya. Ya ɗauko salatif ya naɗe ɗan katin sautin don kada ya zare. Sannan ya ja kujera ya zauna yana fuskantarta.

"Me likitan ya ce?" ya tambaya.

Ta gaya masa. Na ɗauki kwat ɗina na tafi gida.

Kada wani ya ɗauka Arvo ya sauya hali. Bai ba ta haƙuri da baki ba, ita ma ba ta nema ba, amma ta yi makonni tana yi masa magana a taƙaice kamar baƙo. Ta kafa masa doka: kwamfutar kicin tata ce, hannunsa ba zai ƙara taɓa cikinta ba. Duk lokacin da saƙo ya fito a gilashi cewa a sabunta manhaja, ita ke danna a'a da kanta, don Pakou ta gargaɗe su cewa sabuntawa ɗaya na iya rushe komai.

Shi kuwa bai iya haƙura ba. Ya sayo kaya iri ɗaya sak ya haɗa ta biyu a ƙasa, wai ta ajiya ce ko da ta farko za ta lalace. A kanta ya ci gaba da gwajin lambobinsa, amma yanzu da rana kawai, in Yaya ta kwanta hutawa. Wajen ƙarshen sanyi ya gano ashe ba lambar kaɗai ba ce, akwai wani saiti a fanel ɗin da ke hana tafintan ganin guntun sautin. Ya gyara, sauti ya fito tas ta ramin baya. Ya hauro da gudu kamar yaro.

"Marlys! Ya yi! Ba faci! Bari in sa miki a taki."

"Barka," ta ce. "Taɓa ta ka gani."

Ya tsaya yana huci, ya dube ni ko zan sa baki. Na ce masa ni kofi na zo sha.

Ya koma dandalin ya rubuta yadda ya yi, dalla-dalla, da hotuna, don masu irin fanel ɗinsa. Har yanzu yana can. In sabon shiga ya zo da tambaya ba bayani, Arvo ne ke fara yi masa masifa, ya ce ya lissafo kayansa ko ya tafi ya ba mutane wuri, sannan ya zauna ya bi shi har abin ya tashi. An ƙara rufe masa baki sau da yawa. Pakou ce ke roƙa masa.

Abin da ke cin ransa yanzu shi ne kayan suna ƙarewa. Kamfanin ya sauya irin ƙwaƙwalwar da yake sa wa kwamfutocinsa gaba ɗaya, masu wannan sana'ar suna ta raguwa, tsofaffin fanel da katin da manhajar ta sani ba a ƙera su kuma. Duk inda Arvo ya ji ana sayar da irin nasa sai ya je. Ya cika kanta guda da su, kowanne a cikin ledarsa. Na tambaye shi ko shekara nawa yake shirin yi a duniya, ya ce ba ruwana.

A watan jiya ya ji labarin wani a garin Fargo yana da fanel biyu. Tafiya ce mai nisa, ga hanya da santsi, shi kuma idonsa ba kamar da ba. Yaya ta ce ba zai tafi shi kaɗai ba. Kwamfutar kicin ba ta shiga mota, don haka allon asibiti ta ɗauka ta ɗora a cinya. Ina tsaye a bakin ƙofa suna fita, tun kafin su kai kwana na jiyo muryar budurwar nan mai fara'a tana ce masa ya rage gudu, shi kuma yana ihu cewa ya yi shekara arba'in yana gwada burkin bas, ba wanda zai koya masa tuƙi. Sun dawo washegari da fanel ɗaya. Ɗayan, in ji Arvo, mutumin ya yi masa ajiyar banza a wuri mai laima har ya yi tsatsa, kuma sai da ya tsaya ya gaya masa hakan a tsakar gidansa kafin su taho.